Fuskar Talla

Duk mai sana'a yana da abin da yake ajiyewa a ƙofa don mai wucewa ya gani. Mai tsire yana da hayaƙi. Mai shayi yana jera gwangwanayen madara, ko da babu komai a cikinsu. A gidan Yaya Labaran da ke Unguwar Shanu, abin da aka ajiye a ƙofa fuskar ƙanwarsa ce, Sa'adiya.

Matarsa, Anti Nafisat, ita ke haɗa man shafawa. Kada ka kuskura ka ce bilicin a gabanta. Gyaran fata take yi. Blanda biyu gare ta, ɗaya ta kayan miya, ɗaya ta kayan fuska, kuma ba zan rantse maka cewa ba su taɓa musayar aiki ba. Za ta sayo ƙananan tib-tib na mai a Babbar Kasuwa, masu rubutun da ko mai digiri sai ya nemi tabarau, ta matse su a roba, ta tsiyaya wani ruwa mai warin asibiti, ta barbaɗa kurkum don a ce na gargajiya ne. Sai ta ɗura a ƙananan robobi, ta manna takarda mai hoton fure. Shi ke nan, ya zama haɗi.

Ni Jamalu, a shagon ƙofar gidan nake kwana, da safe in wuce kasuwa in sayar da rigar waya da gilashinta. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsu ce, ka ga ni da Sa'adiya abokan wasa ne. Tun da aka kawo ta daga Giwa, wai ta taya Anti aiki kafin a samo mata makaranta, ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba.

"Bawana, an tashi? Zo ka ɗauke bokitin nan."

"Wane ne bawan? Ke da aka kawo ki a bayan motar masara?"

"Ni dai mota na hau. Kai a ƙafa ka zo, shi ya sa har yau fasonka bai haɗe ba."

Da baki nake cin abinci, kullum sai na sa wani ya sayi gilashin da bai yi niyyar saye ba. Amma a gaban yarinyar nan ban taɓa cin wasa ba.

Wankan tarwaɗa ce, fata sumul, ko ƙurjin zafi ba ka gani. Basilin kawai ta sani. Anti ta daɗe tana kallon fuskar nan irin kallon da dillali ke yi wa fili a bakin titi, sannan wata Juma'a da hantsi ta kira ta bakin taga.

"Tsaya nan in ɗauke ki. Wannan shi ne hoton kafin."

Ina tsakar gida ina wanke takalmi. Sa'adiya ta yafa wani mayafi ruwan ganye ta tsaya, tana danne dariya saboda ina yi mata gwalo. Anti ta ɗauka, ta duba wayar, ta yamutsa fuska.

"A'a, wannan ya yi kyau da yawa. Wa zai sayi mai in ya ga kafin haka?"

Aka mayar da ita kicin, inda hayaƙin gawayi ya cinye bango, aka cire mayafin, aka ce ta ɗaure fuska kamar wadda aka aiko wa da rasuwa. Wannan hoton ya yi. Daga ranar aka fara shafi, safe da yamma, fuska da wuya da bayan hannu. Duk sabon haɗin da Anti ta ƙirƙiro, a fuskar Sa'adiya ake fara gwada shi. Duk Juma'a kuma a bakin taga, a ɗauki hoton bayan, a ɗora a sitatus ɗin wayarta mata su gani.

Gaskiya dai gaskiya ce, da farko abin ya ba da mamaki. Fuska ta yi haske, tana ƙyalli kamar sabon faranti. Mata suka fara sallama, daga Unguwar Sarki, daga Malali, daga Kawo, matan ma'aikata da 'yan mata masu shirin biki. Babu wadda ke tambayar me ke cikin robar. Tambayarsu ɗaya ce: "Ina yarinyar?" Sai a kira ta daga wanke-wanke, ta goge hannu a zane ta zo ta tsaya. Su kama haɓarta su juya hagu, su juya dama. Wata har ta lakata da yatsa ta duba ko hoda ce.

"Kin zama tunkiyar layya," na ce mata. "Saura su duba haƙori."

"Ni ana tayawa. Kai ko kyauta aka bayar da kai sai an haɗa da buhun gero."

Bayan 'yan watanni jan ya fara. A kumatu ya fara, kamar wadda aka mara ɗazu. Da safe ya lafa, da rana ya dawo. Sannan ya daina lafawa. Ya hau karan hanci, ya sauka haɓa, ya bar zagayen ido kawai, sai ka ce ta cire tabarau bayan ta wuni a rana.

"'Yar tumatir, nawa kwando?"

"Ya fi ƙarfinka. Je ka layin ruɓaɓɓu."

Ta ba ni amsa, amma tana faɗa tana fifita fuskar da murfin tukunya.

Da ta nuna wa Anti, Anti ko a jikinta. Murna ma ta yi.

"Ai ja kafin fari. Tsohuwar fata ce ke bankwana. Ba ki taɓa ganin maciji in zai yi saɓa ba? Ki ƙara yawan man, ki riƙa dirjewa da lemun tsami da sukari, ta fita da wuri."

Maganar nan ta yi mata daɗi a baki har ta zama kirarin kasuwa. Duk wadda ta bugo waya tana ƙorafin fuskarta ta yi ja, sai ka ji Anti daga ɗaki: "Hajiya, alhamdulillahi, ya kama ki ke nan. Ja kafin fari."

Farin bai zo ba. Abin da ya zo wasu siraran jijiyoyi ne, jajaye kamar zare, a kwance a ƙarƙashin fatar kumatu, kana iya binsu da ido. Ƙananan ƙuraje suka zagaye baki. In za ta yi alwala sai ta tara ruwa a tafin hannu ta tsaya tana kallonsa kafin ta kai fuska. Daga ƙofar gida zuwa shagon mai burodi, 'yar ranar da ke tsakani ta ishe ta ta dawo tana hura iska ta baki. Girki kuwa nata ne, kuma a kan gawayi, don gas ya yi tsada. Ranar da ake soya attarugu za ka gan ta ta miƙa ludayi daga nesa, ta juya kai gefe, hawaye na sauka. Ta ce min hawayen ma zafi suke yi in sun bi ta wurin.

Hoton Juma'a bai tsaya ba. Anti ta lafta mata hoda, wayar kuma tana da abin da ke goge tabo. Masu zuwa gida ne aka daina kira musu ita. "Ta tafi Islamiyya," in ji Anti, alhali tana bayan ƙofar kicin tana tankaɗe.

Wata Lahadi da azahar Yaya Labaran yana zaune a kan tabarma a inuwar baranda, Sa'adiya ta kawo masa tuwo. Ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Yaya, fuskata tana min zafi."

Idonsa na kan waya. "Kin faɗa wa Antinki?"

"Ta ce in ƙara man."

"To ki ƙara mana. Ita ta san harkar."

Ya ɗago ya kalle ta sau ɗaya, ya mayar da ido kan tuwon da sauri, kamar wanda ya buɗe ɗakin da ba nasa ba.

Na ce, "Yaya, wannan fa ya wuce ja, gashi ne. Yaji da albasa kawai suka rage."

"Kai komai wasa ne a wurinka." Ya gutsuri tuwo. "Harkar mata ce, ni ba na shiga. Kuma ka san albashin gwamnati, kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Shinkafar da kake ci a gidan nan daga robobin nan take fitowa."

Maganar shinkafa gaskiya ce. Ko jiyan ranar na ci.

Ita kuwa Anti kullum da sabon mai laifi. Yau rana ce, ta hana ta fita ba ta ji. Gobe gyaɗa ce, an ga tana ci. Jibi ƙwai. Da waɗannan suka ƙare sai ta koma kan mutane: bakinsu ne, yarinya ta yi kyau an yi ta magana babu mai cewa tubarkalla. Aka samo turaren hayaƙi, aka sa ta ta sunkuya a kan kasko aka lulluɓe ta da zane. Da aka yaye zanen ban iya kallonta ba, ni da na taɓa tsayawa kallon fiɗar raƙumi har aka gama. Robobin nan dai ba su taɓa shiga jerin masu laifi ba.

Ranar wata Litinin Anti ta tafi kasuwa sarin kaya, na ce wa Sa'adiya ta ɗauko hijabi. Ta sa takunkumin rufe fuska, muka tare Keke. Mai Keken ya yi ta leƙenta a madubi.

"Hajiya, ruwan zafi ne?"

Da can da sai ya gwammace bai tambaya ba. Ranar ko kai ba ta juya ba.

Muka yanki kati a asibiti, muka bi layi har ƙafata ta fara barci, sannan aka tura mu wurin likitar fata. Dattijuwa ce mai tabarau. Ta ce a cire takunkumin. Ba ta yi salati ba, ba ta zaro ido ba, ta jawo fitila ta duba a hankali.

"'Yata, me kike shafawa?"

"Haɗi ne."

"Me ke cikinsa?"

Sa'adiya ta kalle ni. Na zaro wani matsattsen tib da na tsinto a kwandon sharar gida na miƙa. Likitar ta karanta, ta ajiye shi a kan tebur.

Ta ce ja a fata ba ciwo ɗaya ba ne, alama ce, kamar yadda kukan jariri ba ya faɗa maka yunwa ce ko ciwon ciki. Ƙananan hanyoyin jini ne ke buɗewa in wani abu ya dami fatar. Wani rana ce ke jawo masa, wani zafi, wani sabulu ko turaren da jikinsa bai yarda da shi ba, wani ƙwayar cuta. A baƙar fata ma sau da yawa ba ja ake gani ba, sai wurin ya ƙara duhu, shi ya sa mutane ke sakaci. Don haka kafin a shafa komai sai an san dalili.

"Naki dalilin ga shi nan." Ta taɓa tib ɗin da biro. "Wannan ba man kwalliya ba ne. Magani ne mai ƙarfi, likita ke rubuta shi na ɗan lokaci, a kan wurin da ke ciwo kawai. Ke kin daɗe kina shafa shi a lafiyayyar fuska. Ya cinye kaurin fatar, shi ya sa kike ganin jijiyoyi. Kuma fatar ta saba da shi. In kin daina za ta tayar da hankali, ta kumbura, ta yi ja fiye da haka. A nan ne kowa ke komawa, don in an sake shafawa sai ta yi shiru. Shirun nan ba warkewa ba ne."

"Zai koma yadda yake?" Muryar Sa'adiya da ƙyar ta fito.

"Zai yi sauƙi sosai in kin daure, amma watanni ne, ba kwanaki ba. Wasu jijiyoyin ƙila su zauna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ta rubuta ƙwayoyi da wani mai marar ƙarfi. Ta ce ruwa mai sanyi kawai, a ɗan dafa da tsumma mai laushi, ba gogawa. Basilin marar turare. Ba lemun tsami, ba dirza, ba hoda. Ta guji rana, ta guji bakin wuta. In ta ga ruwa mai wari ko zazzaɓi ta dawo a ranar, in ba haka ba ta dawo bayan wata guda. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Kai ne mijin?"

"Allah ya kiyaye, Likita. Ni bawanta ne."

Na jira Sa'adiya ta ɗora wani abu a kai. Tana ta ƙoƙarin mayar da takunkumi yadda igiyar ba za ta taɓa kumatu ba.

Ta daina shafa haɗin. Kuma duk abin da likitar ta faɗa sai da ya faru, kamar da ita aka shirya. Fuska ta kumbura har idanu suka zama 'yan tsaga. Jan ya koma kamar ɗanyen nama. Fata ta riƙa saɓulewa tana zuba a kan hijabi kamar dusa. Gefen baki ya tsage, loma sai ƙarama, dariya kuwa babu hali ko da akwai dalili.

Anti ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

"To ga aikin asibiti nan. Lokacin da take hannuna haka take? Kun je kun kai sunana gaban likita, ga sakamako." Ta ɗaga waya. "Ɗago. Ɗago in ɗauka, in ajiye shaida, kada gobe a ce ni ce."

Sa'adiya ta ɗago. Aka ɗauka.

Da yamma ta ari wayata ta kira mahaifiyarsu a Giwa. Ina jin muryar tsohuwar tana fitowa sama-sama.

"Sa'ade, Yayanki ya kira ni. Ya ce kin fara bin maganar waje. Ki yi haƙuri, a gidan wani kike. Mace ba ta rasa ɗan ƙurji. Matar nan da ta ɗauke ki kamar ƙanwarta, har mai take ba ki kyauta."

"To, Inna."

"Ki riƙa addu'a."

"To, Inna."

Ta miƙo min wayar. Inda ta kara ta a kunci ya jiƙe. Na goge a wandona ba tare da ta gani ba, ko kuma ta gani.

Ta daure fa. Wannan ina so a sani. Ta yi makonni tana dafa fuska da tsumma mai sanyi, tana shan ƙwayoyinta, tana girki da rigar Fahad, ɗan Anti, a jiƙe a kan fuska. Kumburin ya fara sauka. Gefen goshi ya fara nuna wata fata mai kama da tata ta da. Har wata safiya ta ce min, "Matsa, ka tare min hanya da wannan kan naka." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Sai azumi ya raba tsakiya, kasuwar Sallah ta buɗe. Lokacin ne kowace mace ke son ta fito ta haska, lokacin ne kuma blandar Anti ba ta hutawa. Amma bana waya ta yi sanyi. Mata suna rubutowa a ƙarƙashin sitatus: ina yarinyar nan, kwana biyu ba ma ganinta. Wata ma ta ce ta ji an ce fuskarta ta ƙone.

Bayan an sha ruwa Yaya Labaran ya kira ta baranda. Anti na gefe da tib a hannu, ba haɗi ba, zallarsa.

"Abban Fahad, kwana kaɗan kawai. Ta shafa ya kwanta, a yi bidiyo ɗaya mutane su ga lafiyarta lau. Bayan Sallah ta koma wa likitarta, wa ya hana ta?"

"Yaya, likita ta ce in na koma, daga farko za a sake."

"Likita ce za ta yi wa su Fahad ɗinkin Sallah?" Bai ɗaga murya ba. Yaya ba ya ɗaga murya, mutumin kirki ne, kowa a layinmu zai faɗa maka. "Ke ma fa har da ke a ɗinkin. Sa'adiya, ban taɓa neman komai a wurinki ba. Ki taimaki gidan nan."

Na buɗe baki, ya ɗaga min hannu. "Kai kuma in shagon ya ishe ka, ka faɗa min."

Ta kalli tib ɗin, ta kalli tabarma. Sannan ta matsa gaban Anti ta durƙusa, ta rufe ido, ta miƙa fuska kamar yaron da za a wanke wa ido da safe.

Kafin mako ya zagayo jan ya kwanta luf. Ƙurajen suka ɓace. Anti har da 'yar rawa a tsakar gida.

"Wa ya warkar da ke, ni ko mai tabarau? Faɗi mana."

"Ke ce, Anti."

Aka yi bidiyo a bakin taga. Aka ce ta yi murmushi, ta yi. Aka ce ta juya, ta juya. Aka ce ta ce wannan haɗin shi ne sirrinta, ta faɗa. Robobi suka ƙare kafin jajibir. Kowa ya yi ɗinki. Nata leshi ne ruwan hoda, ya yi kyau ƙwarai.

Kwana kaɗan ɗin suka zama har bayan Sallah, suka zama sai an gama bikin wata kwastoma. Daga nan man da kansa ya daina aiki. A shafa, ba a shafa ba, jan yana nan, ya dawo da ƙannensa. Wuyanta ya yi wasu layuka kamar na cikin mai jego. Kumatu suka yi baƙi-baƙi a gefe, tsakiya ja. Hoda ta daina zama. Abin goge tabo na waya ma ya gaza, in ya goge jan sai ya goge hancin.

Ranar Anti ta karɓe robar daga hannunta. "Bari kawai, asara ce. Jininki ne ba ya karɓar mai. Wasu haka Allah ya yi su."

Sa'adiya ta sayi niƙabi. Da shi take zuwa shago, da shi take ɗebo ruwa, wani lokacin har a tsakar gida. Na ji Yaya a majalisar ƙofar masallaci yana cewa, "Ƙanwar nan tawa alhamdulillahi, ta kama addini sosai. Ba wanda ya sa ta." Aka yi ta sa albarka. Maganar makaranta kuwa tun tuni ta bi ruwa, ba wanda ya kashe ta, daina tayar da ita aka yi.

Na ce mata mu koma asibiti.

"Ta ce in guji bakin wuta," ta ce. "Wa zai yi tuwo?"

"Ni zan yi."

"To."

Ba ta ce tuwona zai kashe gida ba. Na kira ta 'yar ƙauye, ta ce na'am. Na ce mata motar masara na nemanta, ta ce to. Ka taɓa buga ƙwallo a bango ta ƙi dawowa? Haka abin yake.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan shi ne, a gidanmu ba a taɓa dukan Sa'adiya ba. Ba a hana ta abinci ba. Da mari ɗaya aka yi mata mai ƙara, da maƙwabta sun shigo, da mai unguwa ya ji. Amma wannan da tafin hannu mai laushi aka yi shi, safe da yamma, ana cewa bismillah. Ka tambayi Anti, za ta ce taimakon mijinta take yi. Ka tambayi Yaya, zai ce shi ko robar bai taɓa riƙewa ba. Inna za ta ce ba ta nan. Matan da suka juya haɓarta za su ce su saye kawai suka yi. Kowa hannunsa tas. Fuska ɗaya ce dai ta tashi daga aiki, kuma ba wanda ya yi.

Shekaranjiya ina kasuwa ina duba sitatus, sai ga na Anti. Sabon kaya ya fito. Mata da yawa sun dawo mata da jar fuska, ita kuma ba ta barin kwastoma ya tafi hannu rabbana. Ta haɗa maganin ja. Roba iri ɗaya, fure iri ɗaya, ina jin tib ɗin ma iri ɗaya.

Hotuna biyu ta jera. Na hagu an rubuta Kafin a ƙasansa: fuskar nan ce a kumbure, idanu 'yan tsaga, hoton da aka ɗauka don ajiye shaida. Na dama an rubuta Bayan. Yarinya ce a bakin taga da mayafi ruwan ganye, wankan tarwaɗa, fata sumul, tana danne dariya tana hararar wani da ba ya cikin hoton. Wanda aka ƙi ranar farko saboda ya yi kyau da yawa. Ashe ba a goge shi ba. Anti ba ta zubar da komai.

Da na dawo da la'asar na tarar da Sa'adiya a bakin famfo, niƙabin a ɗage, tana jiƙa tsumma. Ban yi niyyar nuna mata ba. Ita ta miƙo hannu.

"An ce an sa ni. Mu gani."

Na ba ta. Ba ta tsaya a kan na hagu ba, wannan kullum tana ganinsa a madubi. Ta sa yatsu biyu ta buɗe na dama har fuskar ta cika gilashin. Ta daɗe tana kallo. Wayar ta yi duhu, ta taɓa ta, ta ci gaba.

"Bawana," ta ce.

Rabon da in ji sunan nan a bakinta har na manta.

"Na'am, uwar ɗakina."

"Ka saya min wannan man. Ka ga yadda ya gyara yarinyar nan."

Ban yi dariya ba. Ita ma ba ta yi ba, gefen bakin zai tsage.

Daga ɗaki Anti ta ƙwala kira, wai a zo a wanke blanda, akwai haɗin da za a yi kafin magariba. Sa'adiya ta miƙo min wayar, ta matse tsumman ta shanya a kan igiya, ta tafi.